Murfin Kwalbar da Ya Biyo Ni daga Ngaundare

Tun ranar da na sauka daga motar Yola, tambaya ɗaya ake yi mini kashi biyu. A ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, da ƙofar masallacin unguwarmu a Majidaɗi, nan Jalingo, da teburin mai shayi, sai a fara da "Yaya Kamaru?" Kafin in haɗa amsa sai a bi da "To ina Ishaya?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kuma na lura duk lokacin da na ba da shi da baki yakan fito daban. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, iyakar yadda na iya tunawa. Inda ban tabbata ba, zan ce ban tabbata ba.

Saboda wanda bai san mu ba, ni ne Nasiru. Kakana ya zo daga Zariya da sana'ar dukanci, a nan aka haifi babana, a nan aka haife ni. Ishaya kuwa mutumin Lau ne, mahaifiyarsa tana zaune a Yelwa tana tuyar doya da ƙosai. Aji ɗaya muka yi a jami'a, fanni ɗaya, kimiyyar sinadaran jiki. Na fi shi sakamako, shi ma ba ya musun wannan. Da muka gama na kama koyarwa, shi kuma ya shiga shagon kawunsa na maganin dabbobi, yana bin kasuwannin shanu.

Ni na ga sanarwar. Wata cibiyar bincike ce a Ngaundare, can Kamaru, za ta ba da ɗan gajeren horo kan yadda jerin haruffan DNA yake sauya siffar zarensa har ya lanƙwashe. A ƙarshe za su riƙe mutum ɗaya daga cikin baƙi ya yi wata shida a ɗakin bincikensu. Mutum ɗaya. Tun shekarar ƙarshe a jami'a nake karatun wannan abu, ban taɓa ganinsa da idona ba. Sai dai tsoron tafiyar ya kama ni. Ba na jin Faransanci, Fulatancina kuma bai wuce na gaisuwa ba. Don haka na tafi shagon Ishaya, na nema masa gurbi da wayata, shi yana zaune yana shan rake.

"Kai dai rubuta, Malam Wataƙila," in ji shi. "Ni rakiya zan yi. In akwai abinci, shi ke nan."

Malam Wataƙila sunan da ya laƙa mini ne tun muna aji ɗaya, wai ko sunana aka tambaye ni sai na ce bari in duba.

A tasha aka fara nuna bambanci. Direban ƙanin wani mai sayen magani ne a wajen Ishaya, sai ga shi a kujerar gaba ya miƙe ƙafa. Ni ina can baya tsakanin wata mata mai buhun barkono da wani dattijo mai barci a kafaɗar mutane, kwali a kan cinyata. A cikin kwalin akwai samfurin DNA da na haɗa da hannuna, da wayar ƙarfe da duwatsun ado kala huɗu, don in nuna wa malaman cewa da gaske nake. Mun wuce Zing kaɗan motar ta faɗa wani rami, kwalin ya daki rufin mota ya dawo. Da muka tsaya cin abinci a Mayo Belwa na buɗe, sai na ga abin ya karkace kamar ƙugiya.

Ishaya ya leƙo da cokali a baki. "To ai ga shi ya lanƙwashe. Ka gama karatun tun ba mu isa ba, mu koma gida."

Mutanen motar suka yi dariya, har mai barkono, alhali ba su san abin da ake wa dariya ba. Haka yake da mutane. Ni sai na yi bayani sannan a yi murmushi, shi kuwa baki kawai zai buɗe.

Mun kwana a Jimeta gidan wata gwaggona. Da safe ta ba ni shayi da burodi, ta ba Ishaya shayi da burodi da ƙwai, wai shi baƙo ne. Ba na cewa ta yi laifi. Na dai lura.

Daga nan muka bi ta Fufore zuwa Gurin, aka ƙetare da mu kogin Faro a kwalekwale, mu da babura biyu da akuya. A ɗaya gefen aka nuna mana wata rumfa inda ake duba takardu da kaya. Takarduna a shirye suke cikin leda, ledar a cikin wata ledar. Jandarman da ke wurin bai ɓata lokaci a kansu ba. Kwalin ya nuna. Ya ciro wayar nan mai duwatsu, ya juya ta, ya tambaye ni da Hausar da ta fi tawa sauri, "Wannan laya ne ko tarko?"

Na fara bayani. Na ce masa abu ne da ke cikin jikin kowace halitta, amma ba wannan ɗin ba, wannan kwatance ne, kuma kwatancen ma ba daidai yake ba tunda ya lanƙwashe, ko da yake na gaskiyar ma yakan lanƙwashe a wasu wurare. Ina magana fuskarsa tana ƙara ɗaurewa. Sai Ishaya ya matso ya gaishe shi da Fulatanci, suka yi ta jam, jam, sannan ya ce masa wani abu gajere. Nan take mutumin ya saki fuska, ya ja benci ya ce mu zauna. Daga baya na tambayi Ishaya abin da ya faɗa.

"Cewa na yi karatun sammore za mu je. Babansa yana da shanu, bara ya rasa uku."

"Ai ba karatun sammore ba ne kai tsaye."

"Malam, mun wuce ko ba mu wuce ba?"

Abin haushin shi ne bai yi ƙarya ba. A nan ya kamata in tsaya in yi bayanin abin da ya kai mu, tunda abokai da yawa sun ɗauka gwajin gano uban yaro muka je koyo.

Zaren DNA igiya biyu ne da aka murɗe tare, kamar tsani da aka kama kai da gindi aka juya. Matakalansa haruffa huɗu ne, A da T da G da C. A tana kama T, G tana kama C. A makaranta an koya mana cewa saƙon da ke cikin jerin haruffan shi ne komai, zaren kuwa ko'ina iri ɗaya ne, miƙaƙƙe, kamar yadda ake zana shi a littafi. Ba haka ba ne. Kowane harafi yana zama a kan maƙwabcinsa da irin nasa zaman, wani ya kwanta daidai, wani ya ɗan karkata. Murɗawar tana barin lungu biyu da suke zagaye zaren, babba da ƙarami. Inda A ta jeru huɗu ko biyar, ƙaramin lungun yakan matse, wurin ya yi tauri, zaren ya ɗan sunkuya. Idan irin wannan jeri yana dawowa bayan kamar kowane harafi goma, wato duk zagaye ɗaya na murɗawar, sai sunkuyawar ta riƙa faɗawa gefe ɗaya tana taruwa, har zaren ya yi baka. Ƙwayar cutar sammore, wadda ƙudan tsando ke sa wa shanu, tana da wasu ƙananan zobba na DNA da suka sarƙe da juna, kuma a jikinsu akwai irin wannan lanƙwasa. Garin maganin nan rawaya da Ishaya ke sayar wa Fulani, a matsattsen lungun nan yake shiga ya zauna, inda A da T suka yi yawa. Shekaru yana auna shi a shago bai san haka ba. Ni na gaya masa, a bayan babur, tsakanin iyaka da Garwa.

A Garwa abu biyu suka ba ni mamaki. Na farko burodinsu, dogo kamar sanda, mai ɓawo, ana rataye shi a hammata ba leda. Mu a nan in burodi ya yi tauri haka sai a ce na shekaranjiya ne. Na biyu tashar mota. Ba a kokawar kujera kamar tamu. Za ka sayi tikiti, ka zauna a inuwa, a ɗora kaya, sannan wani ya tsaya a ƙofar mota yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsari ya kwanta mini ƙwarai. Sai dai mai kiran ya karanta sunana da wani irin lafazi da ban gane ba, ya kira har ya gaji ina zaune ina kallonsa. Da aka gane ni ne, kujerar da ta rage ita ce ta kan taya. Ishaya yana tsakiya kusa da taga, wata tsohuwa tana ɓare masa gyaɗa.

Hanyar tana da tsawo. Kusa da ƙarshe mota takan kama hawan dutse mai kwana-kwana, wanda ya taɓa hawa Mambila ya san irinsa. Kunnuwana suka toshe, iska ta sauya. Ban zo da rigar sanyi ba, don na duba taswira na ga ai ba nisa da Yola. Ishaya ya zo da biyu, wai mamarsa ce ta cusa masa. Ya ba ni ɗaya mai hoton zakara a ƙirji, ita na sa har muka gama.

An sauke mu a wani masaukin baƙi, ɗaki ɗaya, gado biyu, bokiti ɗaya. Abincin rana tuwon masara ne, amma su kuskus suke ce masa, da miyar yakuwa mai tsami da nama. Akwai kuma wani rogo da ake naɗewa a ganye, dogo, mai danƙo da ɗan wari. Na ɗanɗana na ajiye. Ishaya ya cinye nasa da nawa, mai girkin ta riƙa kiransa ɗanta. Wata al'adarsu da ta wahalar da ni ita ce gaisuwar safe. Duk wanda ya shigo sai ya bi kowa ya ba shi hannu, ko mutum nawa ne, har mata. Mu a gida sallama ɗaya ta wadatar da ɗaki. Ni kullum ina tsaye a bakin ƙofa ina lissafin wa zan fara ba, wa kuma bai kamata in ba ba. Kafin in gama, Ishaya ya zagaye ɗakin ya dawo.

Mai koyar da mu ita ce Dakta Jenabu, Bafulatana 'yar garin, gajeriya, mai saurin tafiya. Tana koyarwa da Turanci da Faransanci, in ta ji haushi ta koma Fulatanci. Tana da wata hanyar aiki da ban taɓa gani a wajen wani malami ba. Ranar farko ta raba wa kowa murfin kwalbar lemo, ta ce ya rubuta sunansa a ciki. Kowace safiya, kafin a taɓa komai, za ta rubuta tambaya a allo, ta ajiye roba biyu a tebur. Wannan jerin zai lanƙwashe ko zai miƙe? Kowa ya taso ya jefa murfinsa a robar da ya yarda da ita, a gaban jama'a. Sai an gama jefawa ake yin gwaji.

Gwajin kansa ba shi da wuyar fahimta. Ana zuba guntayen DNA a saman wani abu mai kama da daskararren kunu, amma garau kamar gilashi, jel ake ce masa. Sai a sa wuta ta ja su ƙasa. Miƙaƙƙen zare yakan ratsa da sauri. Lanƙwasasshe kuwa sai ya riƙa maƙalewa, kamar a ce ka tura karkatacciyar sanda ta cikin zana. Ko tsawonsu ɗaya, mai lanƙwasa zai makara.

Ranar farko na ɗaga hannu na tambaye ta ina za a jefa in mutum yana ganin ya danganta.

"Roba biyu na saya, Nasiru," ta ce.

Don haka na samo dabara. Nakan tsaya a ƙarshen layi in ga inda murafu suka fi yawa, in bi. Galibi ina dacewa, don galibi abin da na riga na sani ne. Ishaya shi ne na farko kullum. Zai tashi ya jefa, ƙwal, ya dawo yana murmushi. Ya sha faɗuwa. Ban ce na ƙirga ba, amma ya sha faɗuwa. In jel ya ƙaryata shi sai ya dafe kai ya ce, "Kai! Madam, me ya sa?" Ita kuwa sai ta ja kujera ta zauna kusa da shi ta yi ta zane a takarda. Ni da na dace ba a taɓa jan kujera an zauna kusa da ni ba. Samfurina na waya na miƙe shi da ƙyar na kawo. Ta duba ta ce ya yi kyau, ta ɗora shi a kan firji. Can na bar shi.

Akwai ranar da aka zo kan maganin sammore. Ta zana yadda yake kwanciya a ƙaramin lungu, ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa ganinsa. Ishaya ya ba su labarin yadda makiyaya ke raba allurar saniya ɗaya wa shanu uku, da yadda wani Ardo ya kore shi da sanda don ya ce a auna nauyin sa tukuna. Ɗaki ya kwashe da dariya, har waɗanda sai an fassara musu. Ni ban yi dariya ba. Labarin lungun nawa ne. Shi shanun kawai ya kawo.

Ana gobe za a rufe, kafin a tashi, ta rubuta jeri biyu a allo ta ce mu kwana da su. Na farko G, sai A huɗu, sai T huɗu, sai C, a yi ta maimaitawa. Na biyu G, sai T huɗu, sai A huɗu, sai C, shi ma a yi ta maimaitawa. Haruffa iri ɗaya, adadi ɗaya, tsawo ɗaya. Wanda ya riga wani ne kawai ya bambanta. Tambayar ita ce, tare za su sauka a jel ko ɗaya zai makara? Kowa ya san wannan ce tambayar da za ta yi nauyi wajen zaɓe, ko da ba ta faɗa ba.

Da safe muna wajen wata mata mai sayar da wake a cikin burodi, Ishaya ya ce, "Wannan kam ɗaya ne. Kowanne yana da A huɗu a jere. Ko makaho ya gani."

Da na yi shiru, da yanzu wani labarin nake rubutawa. Amma ba na iya jin kuskure in ƙyale, wannan ma wata cuta ce. Na ce masa ina jin ba ɗaya ba ne. Ina jin na taɓa karantawa cewa inda A ta gangara ta shiga T, lungun yana ci gaba da matsewa, wurin ya zama ƙullin tauri guda. Amma inda T ta zo kafin A, mahaɗar sako-sako ce, tana buɗe lungun, sai ta raba jerin biyu, lanƙwasar wannan ta kashe ta wancan. Don haka na farkon zai makara, na biyun zai wuce kamar miƙaƙƙe.

"Ka tabbata?"

"Ban tabbata ba. Da daɗewa na karanta. Kuma ya danganta da sanyin ɗakin."

Ya tauna burodinsa yana kallona. "Malam Wataƙila, in ka ce kana ji, ni na san ka sani. Shekara nawa ina zama bayanka a jarrabawa?"

A aji, ya tashi na farko kamar kullum, ya jefa a robar "sun bambanta". Duk sauran suka bi ɗayar robar, ɗaya bayan ɗaya, har da wani ɗalibin digiri na uku daga Yawunde wanda kowa ke jin tsoronsa. Robarsu ta cika, ta Ishaya murfi ɗaya tal. Na iso gaban tebur. Dabarata ta bin mafi yawa tana ce mini nan, abin da na sani yana ce mini can. Na tsaya.

Dakta Jenabu ta bar ni a tsaye, ta juya wajen Ishaya. "Kai kaɗai? Me ya sa?"

"Na farkon zai makara, Madam. Na biyun zai wuce fuu. Wajen da T ya riga A sako-sako ne, yana buɗe lungu, lanƙwasa ba ya taruwa."

"Ina ka samo wannan?"

"Wajen wannan malamin. Yau da safe, muna cin wake."

Ya nuna ni da yatsa, a gaban kowa. Wannan ne abin da ya fi ci mini rai har yau. Da ya sace maganar ya yi shiru, da ina da abin riƙewa, da ina da labarin da zan ba ku a teburin mai shayi ku taya ni zaginsa. Bai bar mini ko wannan ba.

Ta dube ni. "Nasiru, haka ne?"

Na ce ina jin na taɓa karanta wani abu mai kama da haka. Na ce amma ya danganta da sanyin ɗakin, don zafi yana rage lanƙwasa, da kaurin jel, da irin gishirin da ke cikin ruwan.

"Duk gaskiya ne," ta ce. "A ɗakin sanyi za mu yi, jel irin na jiya, ruwa irin na jiya. Wace roba?"

Na dubi cikakkiyar robar. Na dubi ɗalibin Yawunde, ya harɗe hannu yana murmushi. Na ce a raina, mutum goma sha wani abu ba za su taru a kan kuskure ba, wataƙila ni ne na juya abin a kaina, wataƙila na biyun ne mai makara. Na buɗe baki na ce, "In da za a ba ni dama in ƙara dubawa..."

Ta jira. Ba zan ce ba ta jira ba. Sannan ta ɗauki robobinta biyu ta kai kan firji, kusa da samfurina, ta ce a je a haɗa jel.

Bayan hutun rana aka kashe fitila aka haska jel ɗin. Layi biyu ne gefe da gefe. Na biyun ya gangara abinsa. Na farkon yana can sama, ya makara, ratar ba ta buƙatar ma'auni. Abin da na yi shekaru ina karantawa ke nan, ga shi a gaban idona, kuma ya fi yadda na zata kyau. Na so a ce farin ciki ne kaɗai na ji. Ishaya ya yi tsalle ya rungume ni yana cewa, "Ka gani! Ka gani, mutumina! Ba na ce ka sani ba?" Mutane suka yi ta ba shi hannu, irin ba da hannun nan nasu.

Da yamma aka sanar da sunan Ishaya. Kafin mu fita Dakta Jenabu ta tsayar da ni a baranda.

"Ka fi shi karatu," ta ce. "Shi ma ya gaya mini, ba sau ɗaya ba. Amma a nan kowace safiya gwaji ɗaya ake zaɓa a bar sauran. Wanda ya yi kuskure da safe ina iya gyara shi da yamma. Wanda bai ce komai ba, ban san abin da zan gyara ba. Ka sake nema in an buɗe."

Na yi mata godiya. Har yanzu ina ganin ba laifi ba ne mutum ya ce ya danganta, in dai abin ya danganta. Da a ɗaki mai zafi aka yi, irin ɗakin gwajin makarantarmu a watan Maris, ratar za ta ragu. Wannan ba na janye shi. Sai dai ta gaya mini ɗakin da za a yi, na kuma ji ta.

Ishaya ya raka ni tasha. Ya ɗaura mini kilishi da turmin atamfa in kai wa mamarsa, don ba ya son ta ji labarin a waya kawai. Ya yi ta sosa ƙeya, abin da ban saba gani ba.

"Wallahi rakiya na zo," ya ce. "In kana so in koma in ce mata..."

"Kada ka soma."

"To riƙe rigar. Zakaran ya saba da kai."

Dawowa ni kaɗai ba ta yi wuyar da na ji tsoro ba, wannan ma ya ba ni haushi. Na gane sunana da aka kira a Garwa. A rumfar iyaka jandarman nan ne dai, ya dube ni ya dubi bayana ya ce, "Ina mai shanu?" Na ce ya samu aiki. Ya ce ai ya ga alama. Ina laluben aljihu in ciro takarda sai hannuna ya taɓa wani abu mai kaifi-kaifi. Murfin ne, da sunana a ciki. A tsakiyar Faro na ciro shi na riƙe a kan ruwa. Ban jefa ba, ban kuma ce na ajiye ba. Muka kai gaɓa yana hannuna.

Washegarin isowata na tafi Yelwa. Na tarar da Mama, mahaifiyar Ishaya, a bakin kasko tana juya doya. Ta ɗago ta ce, "A'a, ɗana! Ka dawo? Ina ɗan'uwanka?" Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa saƙo, na ce an zaɓe shi, shi kaɗai a cikin mu duka. Ta saki matsami ta yi guɗa, ta yafa atamfar a kafaɗa ta taka rawa a gaban masu jiran ƙosai. Maƙwabta suka fito. Aka cika mini faranti, aka ce in ci, ai ni ne na kai shi.

Da mutane suka ragu ta zauna a kan turmi kusa da ni, ta rage murya.

"Nasiru, yaron nan tun yana ƙarami ba ya zama wuri ɗaya. Kai ne mai karatu a cikinku, kowa ya sani. Kada ya je ya ji kunya a ƙasar mutane. Faɗa mini gaskiya, kai ba ka ƙarya. Zai iya wannan aiki?"

Na ji kalmomin nan nawa sun taso sun jeru a bakina, ina ji, wataƙila, ya danganta. Kuma da na faɗe su ba wanda zai ce na yi ƙarya. Hannuna yana cikin aljihu, bakin murfin yana cizon yatsana.

"Zai iya, Mama," na ce.

Ta tsaya tana jiran sauran, don ta san ni. Babu saura. Ta sauke ajiyar zuciya ta ƙara mini doya.

A duk tafiyar nan, daga Jalingo zuwa Ngaundare da dawowa, wannan ce kaɗai maganar da na faɗa ban rataya mata komai ba. Na tabbata da ita kamar yadda na tabbata da layin nan da ya makara a jel. Ga amsar masu tambaya ina Ishaya. Yana can, yana jefa murfinsa kowace safiya. Nawa yana kan teburina a ɗakin malamai, wani ma ya ɗauka shara ce ya kusa zubarwa.